Sojojin Jinin Bahago

Sunansa na yanka Abubakar Sadiƙ, amma in ka shiga kasuwar Agadas kana cigiyar mai wannan suna, sai ka wuni kana yawo a rana. Ka ce Bahago mai gishiri, ko akuya sai ta nuna maka rumfarsa. Da hagu yake auna dabino, da hagu yake sare kantun gishiri, da hagu yake nuna wa baƙo hanya. Abu biyu kaɗai mahaifiyarsa ta ƙwace wa hagun tun yana ƙarami a Madawa, kuma da muciya ta ƙwace su: gaisawa da mutane da cin abinci.

Mutum ne da Allah ya rufa wa asiri. In ayarin raƙuma ya dawo daga Fachi, Abzinawa sun san rumfar da za su sauke gishiri da dabino ba tare da dogon ciniki ba. Ƴaƴansa sun yi aure sun bar shi da matarsa Kadidia, mace mai hannun miya da kaifin baki, wadda ta san halinsa fiye da yadda ya san kansa. Ba shi da abokin gaba, ba shi da ciwon da ya taɓa kwantar da shi. In ka tambaye shi abin da ya fi jin daɗi a duniya bayan salla, ba zai ce kasuwa ba. Zai ce ciyayya.

Su uku ne suke yin ta, shekara da shekaru, a ƙofar gidan Malam Amadou limamin unguwa. Da an idar da magariba sai a shimfiɗa tabarma, kowa ya fito da kwanon gidansa. A buɗe na farko a sa hannu tare, in ya ƙare a jawo na biyu. Malam Amadou tsoho ne mai ƙarancin magana, kunnensa ɗaya ya yi nauyi. Na ukunsu Saidou tela, shi kuwa bakinsa ya fi kekensa gudu, kuma duk duniya ba shi da abin tsokana kamar Bahago. Yau ya ce masa ɗan Madawa mai warin albasa, gobe ya rantse ya ga hagunsa tana leƙen kwano tana haɗiyar yawu. Bahago ya rama, Malam ya yi murmushi, a sha shayi a tashi. Abin ke nan, ba wani abu ba, amma shi ne daɗin yinin Bahago gaba ɗaya.

Kirci kuwa tsohon abokin zamansa ne. Tun yarinta yake fito masa a bayan gwiwa da lanƙwasar hannu, ya yi kwanakinsa ya tafi, riga ta rufa asiri. Bana ne ya yi rashin kunya ya sauko fili. Bayan hannuwansa ya yi kauri ya yi baƙi, fatar yatsu ta tsattsage tana ɓarewa, ga ƙaiƙayin da ba ya jin lallashi. In gishiri ya shiga tsagar, sai ya ji shi har tsakiyar kansa.

Wata rana suna cikin kwanon gidan Malam, tsagar babban yatsansa ta buɗe ta ɗan yi jini. Saidou ya tsaya da loma a hannu, ya dubi yatsan.

"Bahago, wanga hannu naka..."

Bai ƙarasa ba. Ya kai lomar baki, ya ɗan ƙara kaɗan, ya ce ya ƙoshi.

Mai yiwuwa ƙoshin ya yi da gaske, don daga gidan suna ya fito a ranar. Amma Bahago ya sha jinin jikinsa. Saidou da ba ya barin kwano sai ya ga ƙasansa, Saidou da ba ya ɗaukar magana ya yar da ita a hanya! Da tsokana ya yi, da cewa ya yi hannun ya zama bayan kada, da Bahago ya yi dariya ya rama. Shirun ne ya kashe masa jiki.

Washegari Bahago ya ce wa Malam cikinsa ne ba daidai ba. Bayan nan ya ce lokotoro ya hana shi yaji, alhali ko ƙofar gidan likita bai taka ba. Daga bisani ya daina ma ba da dalili. In an sallame magariba sai ya zari takalmansa ya bi ta bayan masallaci, ya shige gida ya zauna da kwano da cokali kamar mai jinya. Saidou ya zo ya yi sallama ya fi a ƙirga, Bahago yana sa Kadidia ta ce ya kwanta. Katanga ɗaya ce tsakaninsa da tabarmar nan. Yana jin muryar Saidou, yana jin ƙarar murfin kwano. Tuwon Kadidia da yake yabo har a kasuwa ya koma masa kamar dusa. Kewa ta dame shi ƙwarai, kunya kuma ta hana shi faɗa wa kowa.

Kadidia ta zuba masa ido har ta gaji.

"Malam, man kaɗe ka shafa, toka ka shafa, ruwan bagaruwa ka jiƙa hannu ciki. Saura mi? Gobe ka tahi gidan likita, ko ni in ɗauki mayafi in kai ma lokotoro labarin hannunka."

Ya san za ta aikata, sai ya tafi.

Likitan da ya samu sunansa Marwan, ɗan Agadas ne da ya yi karatu a Yamai ya dawo gida, sa'ar babban ɗan Bahago. Abin da ya fara ba Bahago mamaki, likitan ya kama hannun ya juya shi ya latsa, ko yamutsa fuska bai yi ba. Ya tambaye shi ko yana samun barci, ko akwai mai asma ko yawan atishawa a danginsu. Bahago ya tuna kakarsa da numfashinta ke fita kamar zugazugi in damina ta faɗi.

"Baba, wannan ba ƙazuwa ba ce, ba kuma kuturta ba. Kirci ne, mu muna ce masa eczéma. Ba a ɗaukarsa."

"Lokotoro, hakanan kuke ce ma kowa don hankali shi kwanta."

"Bon. Tunda ba ka yarda da bakina ba, sai mu yi analiz, wato gwaji, mu ji ta bakin jini."

Aka ɗebi jini a ƴan kwalabe biyu, ɗaya aka auna nan, ɗaya aka aika Yamai. Ranar da sakamako ya dawo, Marwan ya jawo kujerarsa kusa da ta Bahago.

"Baba, a jinin kowa akwai sojoji masu tsaron jiki. Aikinsu, in cuta ta shigo su far mata. Naka sojojin sun yi yawa, kuma masu saurin hushi ne. Ƙura ta taɓa fatarka su fito, gishiri ya taɓa su fito, sabuni mai ƙarfi ya taɓa su fito. In sun fito ba su iske kowa ba, sai su huce a kan fatar. Ƙaiƙayin ke nan."

Ya nuna masa layi biyu a fuskar na'urar da ke kan teburinsa. Na farko wasu ƙwayoyin jini ne da ake kira eyozinofil. Bahago ya gwada faɗa, harshensa ya harɗe, sai ya raɗa masa Mai Dogon Suna. Na biyu IgE, wannan ya zama Mai Gajeren Suna. Dukansu sun yi sama. Mai Gajeren Suna, in ji likita, a yawancin mutane ba ya wuce ɗari da ƴan kai, amma na Bahago ya haura dubu biyu.

"Sau da yawa in fata ta tsananta su ma sukan hau, in ta lafa su sauka," in ji Marwan. "Ba kullum ba, shi ya sa idona ma yake nasa aikin. Amma za mu riƙa duba su mu ga ko magani yana ci. Abin da nake so ka riƙe, daga cikinka abin yake. Ba wurin wani ka ɗauko ba, kuma ba mai ɗauka wurinka."

Ya rubuta masa pomad na shafawa a wurin ciwo, da wani mai a babban gwangwani na shafawa duk sa'ad da fata ta bushe. Ya ce ya riƙa sa safar hannu in zai taɓa gishiri, ya kuma yi nesa da sabuni mai ƙarfi.

Bahago ya fito da magana ɗaya a kansa. Shi ɗan kasuwa ne, duk dogon bayanin nan abin da ya zauna masa shi ne lamba. Na mutane ɗari, nasa dubu biyu. Tun a hanya ya ɗaura wa kansa alkawarin da ba wanda ya sa shi: hannunsa ba zai sake shiga kwano ɗaya da kowa ba sai ranar da jininsa ya koma ɗari irin na mutane.

Kuma in kaya sun yi yawa a rumfa, ai rage su ake yi. Bai zarce ko'ina ba sai wurin Lukumanu wanzami. Ya tuɓe riga, Lukumanu ya tsattsaga masa baya, ya kafa ƙaho ya zuƙa. Da aka juye baƙin jinin a rairayi, Bahago ya leƙa, ransa ya yi fari.

"Ga su nan, ƴan banza," ya ce. "Ƙara ɗaya nan ga kafaɗa."

Lukumanu bai san ko su wane ne ba, amma ya ƙara. Bahago ya zama mai yawan zuwa.

Magani kuwa ya riƙe shi hannu biyu. Safar hannu ba ya cire ta a rumfa, har maƙwabtansa suna ce masa lokotoron gishiri. Mai ya shafa da safe, ya shafa da rana, ya shafa da yamma. Matsalar ta ɓullo ne ranar farko da ya tsuguna alwala. Ya zuba ruwa daga buta, sai ya ga ruwan yana dunƙulewa a kan hannun yana gangarewa, kamar ba ya kama fata. Tun yana makarantar allo ya san duk abin da ya hana ruwa isa ga fata ya hana alwala, kuma in ba alwala ba salla. Wanda ya kamata ya tambaya Malam Amadou ne, Malam Amadou kuwa shi ne mutumin da yake yi wa ɓuya. Sai ya yanke wa kansa hukunci. Ya ƙulle garin sabunin wanki a leda ya jefa aljihu. Kafin kowace salla ya dirje hannuwan nan da shi har su bushe ƙayau, sannan ya yi alwala hankali kwance, bayan salla ya sake shafa mai. A ganinsa ya ba lokotoro haƙƙinsa, ya ba salla nata.

Hannu dai ya ƙi lafawa. Bahago bai damu sosai ba, don shi lamba yake jira, kuma ya san yawan abin da ya bari a rairayin Lukumanu. Da lokaci ya yi aka sake ɗibar jini, ya koma jin sakamako da ƙwarin gwiwa, har da ƙullin dabinon Fachi ya riƙe wa likita.

Marwan ya dubi hannun, ya dubi na'ura, ya ɓata fuska. Mai Dogon Suna bai motsa ba. Mai Gajeren Suna ma ɗan ƙaruwa ya yi.

"Ba shi yiwuwa," in ji Bahago. "Ƙaho nawa aka kafa mini!"

"Ƙaho?"

Ya ɗaga riga ya nuna bayansa. Marwan ya yi ƙoƙarin riƙe dariya saboda girman furfura, amma ta ƙwace masa.

"Yi haƙuri, Baba. In ruwan rijiya ya yi gishiri ka ɗebe guga biyu ka zubar, wanda ya rage zai yi daɗin sha? Jikinka ne ke ƙera su, ka ɗebe ya ƙera wasu. Ka bar bayan nan ya huta, fatarka ba ta son tsaga."

Bahago ma ya yi dariya, don ya sha ruwan irin wannan rijiya ya san gaskiyar maganar. Amma likitan ya koma tunani. Pomad fa? Yana shafawa. Man gwangwani? Na biyu ma ya kusa ƙarewa. Safar hannu? Ga ta nan a aljihu. Marwan ya dafe haɓa ya rasa ta inda abin yake zubewa. Suna cikin haka aka kira azahar, ya ce su yi salla su dawo.

A bakin famfon tsakar gidan likitan suka tsuguna kafaɗa da kafaɗa, kowa da butarsa. Bahago ya kwance ledarsa, ya zazzaga gari a tafi, ya shiga dirza. Kumfa ta taso har wuyan hannu.

Marwan ya ajiye buta.

"Baba, mi ne ne wannan?"

"Sabuni. Man naka ba shi barin ruwa shi kama."

"Kullum haka kake yi?"

"Kowace salla. Awo, ka ce in bar sabuni, na bar shi wurin wanka. Amma ba ni tsayawa gaban Ubangijina da alwalar da ba ta ci ba, ko da hannun zai guntule."

Wannan karon Marwan bai yi dariya ba. Ya ɗauki butarsa ya zuba wa tsohon ruwa a hankali har kumfar ta tafi.

"Garin nan an yi shi ne don maiƙon tukunya da dattin wando. Duk abin da magani ya gina da safe, shi yake rushewa kafin la'asar. Sojojin nan naka, kowace salla kana tashinsu daga barci. Amma ni jini na karanta, ban karanta fiƙihu ba. Kana da malamin da ka yarda da shi?"

"Akwai shi."

"Tahi ka tambaye shi. Abin da ya ce, ka zo ka gaya mini."

Ba yadda ya iya. Bayan la'asar ya zauna har masallaci ya watse, ya matsa ta gefen kunnen Malam Amadou mai ji. Ya yi bayani kansa a ƙasa, har ledar ya fito da ita. Malam ya karɓa, ya sunsuna, ya ajiye ta can gefe.

"Bahago, wa ya ba ka wagga fatawa?"

"Ni na ba kaina, Allah gafarta Malam."

"Na ga alama. Man da ya nutse cikin fata ya bar santsi kawai, ba shi hana alwala. Ba kaki ba ne, ba ƙaro ba ne. In ma magani ne bisa ciwo, wanda wanke shi zai cuce ka, ka shafa ruwa bisa gare shi ya wadatar. Addinin ga bai zo don shi feɗe ka ba."

Bahago ya ji kamar an sauke masa kantu biyu daga ka. Ya yi godiya zai miƙe, Malam ya riƙe masa gefen riga.

"Tuwon fa?"

"Sai jini ya sauka, Malam. Akwai lambar da nike jira."

Malam bai san wace lamba ba ce, bai kuma tambaya ba.

"Allah shi saukar da ita. Saidou dai ya ishe ni. Ba shi da wanda zai tsokana sai ni, ni kuwa rabin maganar ba ni ji."

Daga ranar hannu ya fara jin magana. Tsagar ta haɗe, kaurin ya ragu, ɓarewar ta tsaya, sai baƙi-baƙin da ya rage a bayan yatsu. Kadidia ta ce ta daina jin ƙarar susa, har ta fara jin minsharinsa da ta manta. A kasuwa ya koma miƙa wa Abzinawa hannu, irin gaisuwarsu ta shafar tafi a saki a sake shafa, yana jan ta fiye da su ma don daɗi. Yana tafe yana kallon hannuwansa kamar sabbin takalma. Kwano ne kawai bai koma ba. Alkawari alkawari ne, ko da ba wanda ya ji shi.

Ranar sakamako na uku, Marwan ya tare shi da fara'a tun daga ƙofa.

"Baba, barka! Mai Dogon Suna ya sauko, ya kusa na kowa. Hannu kuma ga shi, ba sai na faɗa ba."

"Alhamdulillahi. Mai Gajeren fa?"

"Shi ma ya sauka. Ya bar dubu biyu, yana dubu ɗaya da wani abu."

"To yaushe zai kai ɗari?"

Marwan ya rufe na'urar.

"Wataƙila ba zai kai ba. Shi mai nauyin jiki ne, a hankali yake sauka, kuma ga masu irin jikinka yakan zauna sama har iyakar rai. Da halin nan aka haife ka. Kircin ma zai riƙa leƙowa, in ya leƙo ka san abin yi. Ni ba lamba nake yi wa magani ba, hannu nake yi wa, kuma hannu ya yi kyau. Mi ya haɗa ka da ɗari?"

Bahago ya so ya ce ba komai, sai bakinsa ya riga shi. Ya ba shi labarin tabarma, da kwanuka uku, da lomar da Saidou ya tsaya da ita a hannu. Bai taɓa faɗa wa kowa ba, ko Kadidia.

"Baba," in ji Marwan, "ko ranar da ka fara zuwa nan, da ka sa hannu a kwanona da na ci. Lambar nan tana faɗa mini yawan hushin sojojinka ne. Ba ta taɓa cewa ka ci tuwo kai kaɗai ba."

Ya dawo gida ransa ba daɗi. Maganar likita ya ji ta, ya kuma yarda da ita, amma ba likita ne zai zauna kusa da shi a tabarma ba. Ya ba Kadidia labari duka a tsakar gida, tana tuƙa tuwo tana saurare. Da ya dawo daga magariba ya zauna a wurin da ya saba, ya jira. Ba kwano. Ya waiga, sai ya hango shi a bakin zaure, a rufe, an ɗora na miya a kai.

"Kadidia, kwanon can fa?"

"Hanya yake jira."

"Cokalina fa?"

"Na ba da aro."

"Wa?"

"Wanda ba shi maidowa." Ta goge hannu a zane, ta tsaya a kansa. "Malam, tun da aka kawo ni gidan ga, ragowar kwanonka nike ci. Dube ni da kyau. Ina kircin? Wuyana ya gaji da ce ma Saidou ka kwanta. Yau in tuwo kake so, waje shike."

Ya dubi hannuwansa. Sannan ya miƙe ya ɗauki kwanukan. A ɗan tsakanin zaurensa da ƙofar Malam ya shirya bayanin da zai yi, tun daga sojoji har Yamai, yadda ba wanda zai ji ƙyama ya ɓoye.

Ya yi sallama. Su biyun suna zaune, ba su buɗe komai ba tukuna. Saidou ya ɗaga kai ya dube shi daga hula har takalmi, ya juya ga kunnen Malam.

"Malam, wani baƙo ne da kwano. Ka san shi?"

"Matsa mishi," in ji Malam.

Bahago ya zauna a bakin tabarma, ya gyara murya.

"Kafin mu fara, lokotoro ya ce a jinin kowa akwai sojoji. To nawa..."

"Sojoji?" in ji Saidou. "Ka tahi da kirci ka komo da bariki? Buɗe kwano, malam, tuwon Kadidia na hucewa. Shi muke kewa, ba kai ba."

Aka wanke hannu, aka zuba miya, aka yi bisimilla. Bahago ya ci a hankali, daga can gefen kwano, ƴar loma ƴar loma da kan yatsu. Yana ci yana lura, yana barin tuwo mai kauri a tsaye tsakanin wurinsa da na Saidou, don kada ko miyar ɓangarensa ta tsallaka. Saidou yana ta zuba labarin wani mai riga da ya ƙara ƙiba tsakanin awo da ɗinki, kamar bai ga komai ba. Can sai ya yanke labarin.

"Bahago, mi kake ginawa nan? Mun zo cin tuwo ko yaɓen katanga?"

Ya miƙa hannu ya tsallake, ya yanki katangar ta gefen Bahago, daidai inda sawun yatsunsa yake kwance a jikin tuwon. Ya dangwala a miyar da ta taru a gaban Bahago, ya kai baki, ya tauna, ya lashe yatsa.

"Dama na sani," ya ce. "Duk miyar wurinka take gangarawa."

Bahago ya buɗe baki zai rama, sai ya fasa. Farin ciki ne ya cika shi, irin wanda bai ji ba tun da ya bar tabarmar nan. Sai ya sunkuya, ya ja hannun riga, ya yanko babbar loma daga tsakiyar kwano.